WhatsApp, Google Sheets, GitHub ko Jira: ina ya kamata ku riƙa ajiye ƙorafin manhajarku?

Ranar Asabar da ta wuce bayan la'asar ina zaune a ɗan ofis ɗinmu nan wajen Ƙofar Ƙaura ina jiran a kawo wuta, sai ga ƙanen wani abokina ya shigo da laftof a jaka, yaro ne mai ƙoƙari wallahi, bai daɗe da gama bautar ƙasa ba. Su huɗu suka haɗu suka yi manhajar lissafin kaya ta kantin magani, shaguna sun fara ɗauka a cikin gari har da guda biyu a Daura, to yanzu ƙorafi ya fara yi musu yawa. Ya ce min "Yaya, wani ya ce mu buɗe Jira wai ita manyan kamfanoni ke aiki da ita, wani kuma ya ce GitHub ɗin da muke ajiye kod ya ishe mu, mi ka gani?" Na ce masa tsaya tukuna, wa ke kawo muku ƙorafin, kuma ta ina yake kawowa? Ya yi dariya ya ce ai duk bois ne a WhatsApp, wani ma kira zai yi ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya ce abu ya ƙi. Mun fi awa muna magana, shi yasa na ce bari in rubuta, don na san ba su kaɗai ba ne.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne gyaran tangarɗa, wato bog kamar yadda muke cewa, ba shi ne babban aikin ba. Babban aikin shi ne abin da ke tsakanin "Malam abu ya ƙi" da lokacin da ka zauna gyara. Sai an rubuta ƙorafin a wani wuri an ba shi lamba, sai wani ya gwada ya ga ko zai iya sa matsalar ta sake faruwa a gabansa, sai a duba ko wani ya riga ya kawo irinta, sai a yanke ko ta yau ce ko za ta jira, a ɗora wa mutum ɗaya, ya gyara, wani ya gwada, sannan a koma a gaya wa wanda ya kawo ƙarar. Duk kayan aikin da zan ambata wannan hanyar suke bi, bambancinsu kawai wane mataki suke sauƙaƙa maka, wane kuma suke ƙara maka wahala.

Bari in fara da WhatsApp tunda nan kowa ke farawa, nima nan na fara, kuma nan na sha kashi. Mu manhajar fitar da sakamakon jarabawa muke yi wa makarantu masu zaman kansu. Wani ƙarshen zango, ana saura kwana uku a ba da hutu, wani malamin jarabawa ya turo bois a guruf, "Injiniya barka da rana, yarinya ɗaya ta ƙi shiga, na gwada sau uku." Na saurara ina kan babur na ce zan duba in na sauka, kafin in sauka saƙo arba'in ya hau kansa, gaisuwa, sanarwar ɗaurin aure, wani ya turo addu'ar Juma'a. Washegari wata Hajiya mai makaranta ta kira ta ce manhaja na korar yara, wata makarantar kuma suka ce in sun danna ajiyewa farin shafi ke fitowa. Mu uku kowa ya ɗauki nasa yana bi daban, muna ganin matsala uku ce, har aka kusa yini. Sai da na ce kowa ya turo min sunan yaron da ya ƙi shiga, na jera su a takarda, Sa'adatu, Mu'azu, Isma'il, Rabi'atu. Kai, sai na dafe kai. Ɗan waƙafin nan na sama ne. A yaren SQL da muke magana da rumbun bayanai, wannan alamar ita ke buɗe zance ta rufe shi, to kod ɗinmu yana liƙa sunan kai tsaye cikin umarnin, da an zo kan waƙafin sai rumbun ya ɗauka zance ya ƙare, sauran haruffan su zama shirme. Gyaran bai kai minti ashirin ba. Ɗan hakin da ka raina kenan. Da a ce ƙorafin nan uku sun faɗo wuri ɗaya a rubuce, kowanne da sunan da ya ƙi, da kallo ɗaya za a gane abu guda ne.

To amma kada wani ya ce maka ka hana kwastoma WhatsApp, ba zai hanu ba. Alhajin da ke da kantin magani a Daura ba zai buɗe akawun a wani shafin Turanci ya cike fom ba don rasit ya ƙi fita, zai kira ka ne ko ya turo bois, in ka matsa masa ya koma littafinsa da biro. WhatsApp ƙofa ce mai kyau, har hoton allo da bidiyo mutum zai turo maka ba tare da an koya masa ba. Abin da ba ta iya ba shi ne riƙo. Babu lamba, babu wanda aka ɗora wa, ba ka iya binciken abin da aka faɗa a cikin bois, in wayarka ta faɗa ruwa ko yaron da ke riƙe da layin ya bar aiki tarihin ya tafi da shi.

Mataki na gaba da yawanci ake hawa shi ne Google Sheets, kuma ni ban raina shi ba. Kamar littafin bashi ne na mai shago, layi ɗaya ƙorafi ɗaya, rana, wanda ya kawo, mi ya faru, wa ke kai, an gama ko ba a gama ba. Kyauta ne, kowa ya iya, kuma yana buɗewa a waya. In ku biyu ne kuma ƙorafin bai wuce biyar a sati ba zai riƙe ku wata da watanni. Inda yake gazawa shi ne hira, domin kowace tangarɗa tana da tattaunawarta, na gwada kaza bai yi ba, turo min hoto, a wace waya ce, kuma ba za ka cusa wannan duka a ɗan akwati ɗaya ba. Sannan bai san kod ɗinku ba sam, bayan wata shida ka ga an rubuta "an gyara" amma wa ya gyara, a wane layi, sai Allah.

Nan ne GitHub Issues ya fi su, kuma a nan zan daɗe don shi na ba yaron shawara. GitHub ya fara aiki a 2008, Microsoft ta saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5, kuma tun 2019 ma'ajiyar kod ta sirri ta zama kyauta, wato ba sai ka buɗe wa duniya kod ɗinka ba kafin ka yi amfani da shi ba ko sisi. Kowace ma'ajiya tana zuwa da wurin ƙorafi a jikinta. Ka buɗe sabo, ya ba shi lamba, ka rubuta bayani ka jefa hoto, ka ɗora wa wane, ka manna masa lakabi. Yana zuwa da wasu lakabai nasa tun asali irin su bug da duplicate da wontfix, amma kana iya yin naka da Hausa ma, mu muna da "gaggawa" da "jiran kwastoma" da "ƙarshen zango". Abin da ya fi burge ni shi ne in mai gyara ya rubuta Fixes #42 a bayanin gyaransa, da zarar an haɗe gyaran da babban reshen kod, ƙorafi mai lamba 42 zai rufe kansa, kuma har abada in ka buɗe shi za ka ga ainihin layukan da aka taɓa. Ranar da matsala ta dawo bayan shekara, wannan igiyar ita za ta cece ka.

Akwai kuma fom da za ka tsara wanda duk mai buɗe ƙorafi zai tarar yana jiransa. Namu tambaya biyar ce kawai, mi ka danna, mi ka zata zai faru, mi ya faru, wace waya ko kwamfuta, kuma wace lambar siga ce a ƙasan allo. Wannan ta ƙarshen kada ku yi wasa da ita, sau da yawa za ka kwana neman abin da ka riga ka gyara wata biyu da suka wuce, ashe mutumin bai sabunta manhajarsa ba don yana tattalin data.

Kuma ba ƙananan yara kaɗai ke amfani da shi ba. Masu kula da Python, shahararren yaren rubuta kod, sun yi shekaru da nasu wurin na daban, a Afrilun 2022 suka kwashe ƙorafinsu suka koma GitHub. LLVM ma, wani babban aikin kayan haɗa manhaja, ta baro Bugzilla, tsohon wurin ajiye ƙorafi da zan zo kansa, zuwa can a ƙarshen 2021. In ya ɗauki nauyin waɗannan, kantin magani goma ba zai gagare shi ba.

Amma yana da nasa aibin, kuma gara ka sani tun yanzu. Sai mai akawun ɗin GitHub ke iya buɗe ƙorafi, kuma in ma'ajiyarku ta sirri ce, duk wanda ka shigar don ya ga ƙorafi to zai ga kod ɗinku ma. Wasu suna buɗe wata ma'ajiyar daban wadda babu kod a ciki sai ƙorafi zalla, dabara ce mai kyau in kwastomanku 'yan boko ne masu son gani da idonsu. Na biyu, ba ya tilasta maka komi. Asalinsa a buɗe ko a rufe kawai ya sani, sauran tsarin ku za ku gina da lakabi da allon Projects, in ba ku da ladabin yi to wata uku zai zama bola, ƙorafi ɗari babu lakabi babu mai shi.

GitLab kusan ɗan'uwansa ne, in can kod ɗinku yake to ku zauna can, babu dalilin ƙaura. Masu GNOME, fuskar allon da ake gani a kwamfutoci masu Linux, can suka koma a 2018. Abu ɗaya da yake da shi mai amfani ga irinmu shi ne Service Desk, yana ba ka adireshin imel, kwastoma ya turo saƙo ya zama ƙorafi kai tsaye ba tare da ya buɗe akawun ba. Sai dai ka tambayi kanka kwastomominka nawa ne ke tura imel.

Yanzu Jira. Kamfanin Atlassian na Ostireliya ne ya fito da ita a 2002, kuma gaskiya ne manyan kamfanoni da bankuna suna sonta, amma ka tambayi mi yasa. Suna sonta ne don tana tilastawa. Kana iya tsara ta yadda ƙorafi ba zai tsallaka daga "ana gyara" zuwa "an gama" ba sai ya bi ta hannun mai gwaji, kana iya hana wani ganin wani sashe, manaja ya danna ya ga nawa aka buɗe nawa aka rufe a wata, tana da yaren bincikenta ma na musamman, JQL. In kuna da mutum talatin, masu kod daban masu gwaji daban, ga shugaba da ke son rahoto duk Litinin, wannan duk alheri ne. In ku huɗu ne a ɗaki ɗaya kuna shan fanka ɗaya, to kun ɗinka wandon da ya fi ƙarfin ƙugunku. Na taɓa yin kwangila da wani kamfani a Abuja da suka sa mu a cikin tasu, kafin in shigar da ƙorafin rubutun da ya karkace sai na cike akwati wajen goma, ga shafin da nauyi, in netwok ya yi ƙasa kana kallon abu na juyawa har shayinka ya huce. Ta fuskar kuɗi, kyauta ce har mutum 10 da wurin ajiya gigabait 2, daga nan sai biya kan kowane mutum, da dala, kuma kowa ya san yadda biyan dala yake daga nan. Ƙaramar da kake ɗorawa a sabarka, wato kwamfutarka da ke riƙe manhajar, ma sun daina tallafa mata tun Fabrairun 2024. Trello da wasu ke so, ita ma tasu ce tun 2017, allo ne na kati kana ja daga nan zuwa can, tana da daɗin kallo amma ba a yi ta don tangarɗa ba, in kati ya yi yawa sai ido ya gaji.

Saura kakarsu, Bugzilla. Terry Weissman ne ya rubuta ta, aka sake ta a 1998 lokacin da Netscape ta buɗe kod ɗin burauzarta, har yau Mozilla masu Firefox da ita suke aiki kuma lambobin ƙorafinsu sun haura miliyan tuntuni, LibreOffice ma ita suke amfani da ita. Kyauta ce gaba ɗaya amma kai za ka ɗora ta a sabarka, da Perl aka rubuta ta, sai ka haɗa mata rumbun bayanai ka haɗa imel ka riƙa sabunta ta, wato ka ƙara wa kanka wata manhajar da za ka yi reno. Ga mutum huɗu a Katsina ban ga dalili ba. Wikimedia masu Wikipedia ma sun bar ta a 2014.

Sai dai ina so kowa ya je ya buɗe ta Mozilla ya yi yawo a ciki ko na awa ɗaya, don a can za ka koyi yadda ake rufe ƙorafi da mutunci. Su ba sa cewa "an rufe" kawai, sai an faɗi dalili. FIXED an gyara. DUPLICATE wani ya riga ka, ga lambar nasa. WORKSFORME mun gwada a wurinmu lafiya lau. INVALID ba tangarɗa ba ce, haka aka yi abin ya yi aiki. WONTFIX mun ji mun gani amma ba za mu gyara ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi mana wuya mu Hausawa saboda kunya da kara, Alhaji ya ce a sa masa kaza, ka san ba za ka yi ba amma ka ce "in sha Allahu ranka ya daɗe", ƙorafin ya zauna a buɗe shekara biyu yana kallonka. Gara ka rubuta dalili ka rufe, ka kira shi ka yi masa bayani cikin ladabi.

Abu na biyu da na ɗauko daga can shi ne raba tsanani da gaggawa, wuri biyu ne daban a fom ɗinsu. Misali manhajarmu tana mutuwa gaba ɗaya in aka nemi rahoton shekara biyar a haɗe, wannan mai tsanani ne amma sau ɗaya ake nema a shekara, zai iya jira. Shi kuwa harafin ƙ da ke fitowa kamar ɗan akwati a sunan makaranta a kan takardar sakamako, ba abin da ya lalace, amma gobe za a raba wa iyaye takardu ɗari uku, to shi ne na yau. Masu Debian, wani nau'in tsarin kwamfuta na Linux, waɗanda tun 1994 ta imel suke karɓar ƙorafinsu kowanne da lambarsa, matakin tsanani bakwai gare su, kuma uku na sama suna iya hana manhaja shiga sabon fitowa. Ku kam mataki uku ya ishe ku, yau, wannan satin, wata rana.

Wata aba da za ku gani a GitHub ita ce ɗan mutum-mutumin da ke rufe ƙorafin da ya daɗe ba a taɓa ba, a yadda yake zuwa in an yi kwana 60 shiru zai manna masa alama, bayan kwana 7 ya rufe. Manyan ayyuka masu dubban ƙorafi suna sa shi don sun rasa yadda za su yi, kuma ko can mutane na jin haushinsa, don shiru ba ya nufin matsala ta warke. Ku kada ku sa. Haka kuma duk abin da ya shafi tsaro, irin waƙafin nan namu wanda a gaskiya ƙofa ce da ɓarawo zai iya bi ya karanta rumbun gaba ɗaya, ba a tattauna shi a guruf ɗin kwastomomi ko a fili, a gyara tukuna sannan a yi magana.

To ga abin da na ce wa yaron. Ku bar wa masu shaguna WhatsApp ɗinsu, amma layi ɗaya na aiki, ba lambar kowa ba. Ku ɗauki mutum ɗaya duk sati, karɓa-karɓa, aikinsa shi ne duk bois da ya shigo ya saurara, ya yi tambayoyin nan biyar, ya duba ko akwai irinsa, ya rubuta a GitHub Issues kafin ya kwanta, sannan ya mayar wa mai shagon da amsa, "Alhaji mun karɓa, lambarsa 42." Ba ka san yadda lambar nan ke kwantar wa mutum da hankali ba, kamar katin asibiti ne, ya san yana kan layi. Duk Litinin da safe ku zauna minti ashirin ku bi sababbin ku raba. In manhajar ta Android ce ku haɗa mata Firebase Crashlytics, kyauta ne, duk lokacin da ta mutu a wayar wani zai turo muku layin da ta mutu da irin wayar, tun kafin mai ita ya kira. Ranar da kuka haura mutum goma, ko wani babban kwastoma ya sa a takardar kwangila cewa sai ya riƙa ganin rahoto, ranar sai a yi maganar Jira.

Ya ce "Yaya to wa zai fara satin farko, ai kowa gudun sauraron bois ɗin nan yake." Na ce kai da ka zo tambaya mana. Kafin ya tashi aka kawo wuta, muka buɗe laftof ɗinsa muka shigar da na farko tare, na wani mai shago a Daura da rasit ɗinsa ke yanke sifilin ƙarshe in kuɗi ya kai dubu ɗari, bois ɗin ya kwana goma sha ɗaya a wayarsa.